Maganadisu yana shawagi a kan YBCO, Meissner ne ko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗalibin fiziks ne ni ɗan aji huɗu daga Daura. A furojet ɗina na rubuta cewa filin maganadisu yana shiga cikin YBCO, wani supakondakta (abin da lantarki ke ratsawa ba turjiya), ko da an sanyaya shi ƙasa da Tc, wato matakin sanyin da yake zama supakondakta, sai wani abokina ya nuna min bidiyon maganadisu na shawagi, wai ai ga Meissner nan, wato supakondakta na kore filin, ba ya shiga. Difens ya matso, hankalina duk ya tashi. In goge ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kar ka goge komai ɗana, kai ke da gaskiya.

Duba lambobin kawai. A YBCO zurfin kutsawar fili, λ, kusan nanomita 150 ne, shi kuwa ξ, wato kusan girman tagwayen elektron da ke ɗauke da lantarkin, bai wuce nanomita 2 ba a shimfiɗar CuO2 ta cikin kiristal ɗin, ta tsaye ma ko rabin nanomita bai kai ba. Raba λ da ξ za ka ga abu yana dosar 100, alhali iyakar zama supakondakta nau'i na biyu, wanda fili ke iya ratsawa, 0.71 ce kacal. Alminiyom da ξ ɗinshi ya kai wajen nanomita 1600 shi ne ɗan nau'i na ɗaya. To cikakken Meissner a YBCO sai ƙasa da Hc1, ƙarfin filin da daga shi yake fara kutsawa, wanda a ruwan naitirojin, Kelbin 77, 'yan militesla ne, maganadisun niyodimiyom ɗin da ake ɗorawa kuwa ɗaruruwan militesla yake bayarwa a fuskarshi. Dole fili ya shiga, yana ratsawa zare-zare kamar yanda Abrikosov ya lissafa a 1957, kowane zare cibiyarshi faɗin ξ, lantarki na zagaya shi har nisan λ.

Wanga zance na "ya yi shawagi ai Meissner ne" wallahi ya ishe ni, kullum sai an turo min shi a WhatsApp. Meissner turewa kawai yake yi. In turewa ce kaɗai me ya sa in ka kifa abin maganadisun yake rataye a ƙasa bai faɗi ba? Me ya sa in ka zungure shi yake komawa mazauninshi? Zarurrukan nan ne suka maƙale a lahanin da ke cikin kiristal ɗin, kamar tsinke ya soke tsire. Haka aka yi ta ihun LK-99, wani abu da aka ce supakondakta ne ba sai an sanyaya ba, a 2023, ɗan gutsure ya ɗaga gefe guda a bidiyo, masu neman mabiya suka ce an gama da matsalar wuta, daga baya aka auna aka ga ba supakondakta ba ne sam.

Kuma abin ba na cin jarabawa kaɗai ba ne. Wanda ya yarda fili ba ya shiga zai ɗauka turjiya sifiri ce har Hc2, ƙarfin filin da ke kashe supakondaktan gaba ɗaya, wanda a tsananin sanyi ya haura tesla 100. Ina! Da ka sa lantarki sai ya riƙa tura zarurrukan, in suka kuɓuce suka motsa turjiya ta dawo, zafi ya taso, waya mai tsada ta ƙone. Da yake ξ ƙarami ne riƙon ba ƙarfi, ɗumi kaɗan ke kwance shi, shi ya sa a Kelbin 77 YBCO ke sakin riƙo wajen tesla 7, wani supakondaktan mai suna BSCCO ko tesla 1 ba ya kaiwa.

Ka sa zanen Hc1, layin sakin riƙo da Hc2 a shafi ɗaya, in an tambaye ka a difens ka fara da λ bisa ξ. Abokin naka kuma ce mishi ya nemo bidiyon da aka kifa abin.