Fargaba, zullumi, da cikin da ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Wata 'yar'uwa daga Mabera ta rubuto tana tambaya: "Malam, mene ne bambancin fargaba da zullumi? Wata bakwai ke nan gabana na faɗuwa babu dalili, barci ya ƙaurace mini. Da na yi maganar zuwa asibiti sai Inna ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Malama, kin amsa rabin tambayar da bakinki. Fargaba kalma biyu ce aka haɗe: faɗi da gaba, wato ƙirji. Harafin ɗ ne ya koma r, kamar yadda "faɗa masa" ke zama "far masa". Mu nan Sakkwato ma hwaɗuwar gaba muke cewa. To fargaba a jiki take: zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Zullumi kuwa aikin tunani ne, saƙa da warwara a kan abin da bai zo ba tukuna. Waswasi aro ne daga Larabci, wannan zancen wata rana ne.

Karin maganar Inna gaskiya ce, amma an ɗora ta inda ba wurinta ba. Sirrin miji, sirrin maƙwabci, abin da aka ba ki amana, su ake cewa a bar wa ciki. Ban taɓa jin an karanta wa mai ciwon haƙori ita ba.

Ni ba likita ba ne, amma na san likitoci na ɗaukar damuwar da ta kai wata shida tana hana barci da aiki a matsayin ciwo mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 301 ke fama da irinsa a 2019. Ana warkar da shi ta zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da ƙwayoyin da sai sun yi makonni kafin su kama. Rage goro da shayi mai kauri na taimakawa, haka jan numfashi a hankali. Ƙwayar barci daga kemis babu takardar likita kuwa, kul, tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita.

Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Na san sunan Kware kaɗai kan sa gaban wasu faɗuwa. In haka ne ki fara da na cikin gari, ki kuma roƙi Inna ta raka ki, ta ji da kunnenta.