Notunan taya sun kwance bayan na fito daga gareji, me ya kamata in yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai motata ƙirar Toyota Corolla gareji aka canja mini birkin gaba. Washegari na kama hanyar Zariya daga Kano, ban kai Kwanar Dangora ba sai na fara jin ƙwas-ƙwas daga gaba ta hagu, sitiyari yana rawa. Da na tsaya na tarar noti ɗaya ya faɗi, sauran huɗun kuma da yatsa ake juya su. Wani mai faci a bakin hanya ya sa dogon faif a sifana, ya hau ya tattake su, ya ce har abada ba za su sake kwancewa ba. Shin matsalar ta ƙare ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, barka da arziki, Allah ya tsare gaba. Amma matsalar ba ta ƙare ba, kuma ina roƙon ka kada ka sake yin doguwar tafiya da motar nan sai an cire tayar an duba ta.

Mutane da yawa suna zaton ƙusoshin da noti ke hawa kansu, waɗanda bakanikai ke kira sitod, su ne ke ɗauke da nauyin mota. Aikinsu ba shi ne ba. Idan aka ɗaure noti daidai, sitod yana ɗan miƙewa kaɗan, ido ba ya gani, kuma wannan miƙewar ce take matse wili, wato ƙarfen da robar taya ke kai, a jikin hob, wato ƙarfen da sitod ke jikinsa, har su zama tamkar ƙarfe ɗaya. Matsewar ce ke ɗaukar nauyi da birki da kwana da ramuka. Da zarar noti ya yi sako-sako, wili zai fara motsi, duk juyin taya yana dukan sitod yana lanƙwasa shi gaba da baya, kamar yadda ake lanƙwasa waya har ta tsinke. A tafiyar da ka yi daga Kano zuwa inda ka tsaya, tayar ta juya sau dubbai. Sitod ɗin sun gaji, kuma mai yiwuwa ramukan wilin sun buɗe sun daina zama zagaye. Wili mai irin wannan rami ba ya riƙe noti, ko wane ne ya ɗaure.

Sai kuma taimakon mai faci, wanda da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya ƙara ɓarna. Ɗaurin noti yana da awo, kuma kamfani yana rubuta shi a littafin mota. Na yawancin Corolla da Camry niyuton-mita 103 ne, na Honda Accord da Civic 108, Golf kuma 120. Don ka gane ƙanƙantar abin, 103 daidai yake da ka rataya nauyin kilo 10 da ɗoriya a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. To mutum mai kilo 70 da ya tsaya a ƙarshen faif mai tsawon mita ɗaya ya ba notin kusan 690, ninki shida da wani abu ke nan, tun kafin ya fara tsalle. Sitod da aka ja haka ya wuce inda zai koma yadda yake, ya sirance, ƙarfin matsewarsa ya ragu, wata rana ya karye ba tare da gargaɗi ba. Irin wannan ɗauri yana iya sa faifan birki ya karkace, ka riƙa jin feda tana bugun ƙafarka. Haka abin yake da injin ɗaure noti mai aiki da iska idan aka sake masa ƙarfi: yana da kyau wajen kwancewa, amma bai kamata ɗaurin ƙarshe ya zama nasa ba.

Don haka a canja sitod biyar ɗin wannan ƙafar gaba ɗaya tare da notunansu, kada a tsaya kan guda ɗaya. A duba ramukan wili, idan sun buɗe ko sun tsage a canja shi. A duba sauran tayar gaban ma, tunda hannu ɗaya ya taɓa su. Wajen sayen noti a kula sosai, domin ba duk wanda ya hau ba ne daidai. Tiredi, wato zaren da ke jikin sitod da cikin noti, na yawancin Toyota da Honda iri ɗaya ne, na Nissan kuwa ya fi ƙanana, idan aka tilasta wani a kan wani tiredin zai cinye. Gindin notin ma ya bambanta: akwai mai tsini, akwai mai kumburi, akwai shafaffe mai wosha irin na wilin alminiyon na Toyota. Wanda bai dace da ramin ba zai yi kamar ya ɗauru, kwana kaɗan ya saki.

Ranar da za a mayar da tayar ka tsaya a wurin. A goge tsatsa da ƙasa daga fuskar hob da bayan wili, domin idan suka shiga tsakani suna murƙushewa a hanya ɗaurin ya saki. Kada a shafa girisi ko baƙin mai a sitod, awon kamfani na busasshen tiredi ne, mai yana sa a zarce ba a sani ba. A fara ɗaura kowane noti da yatsa, a matse su kaɗan mota tana kan jak, ana tsallakawa daga wannan zuwa na ɗaya ɓangaren, ba a bi su a jere ba, don wili ya zauna daidai. Sannan a sauke mota a kammala da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan an kai adadin da aka saita. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su da ita, musamman wilin alminiyon.

Game da garejin, abin da ya fi faruwa shi ne yaro ya ɗaura notuna da hannu mota tana sama, da nufin ƙarasawa idan an sauke, sai a kira shi wani aiki, wani ya sauke jak, mai mota ya biya ya tafi. Ba na ɗora wa yaron laifi kamar yadda nake ɗora wa maigidansa. Yaro koyo yake yi, kuma wajibin mai gareji ne ya bi kowace taya da hannunsa kafin ya miƙa makulli. Wannan sakaci yana ƙona mini rai, domin tayar da ta fice a guje tana kifar da motar, ita kuma ta wuce ta sami mai babur ko mai talla a bakin titi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ka koma ka sami mai garejin shi kaɗai, cikin mutunci, ka nuna masa tsofaffin sitod da wilin. Haƙƙinka ne ya ɗauki kuɗin gyaran. Ka kuma tambaye shi ko yana da sifana mai awo. Idan ba shi da ita kuma bai ga dalilin sayenta ba, ka nemi wani garejin don duk aikin da zai sa a cire taya.