Jiragen yaƙi a kan taron biki: in kai yarana kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Yelwa ne a Bauchi. Duk sanda na kalli faretin 1 ga Oktoba a talabijin, sai in ga jiragen yaƙi suna ratsa Dandalin Eagle kamar za su shafi kawunan mutane. In aka kawo irinsa filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, in kai yarana ko in bar su a gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kai su, Malam, amma ka san abin da kake kallo.

Ido yana ruɗi. Ƙa'idar duniya ta jiragen farar hula ta hana wucewa ta kan taron jama'a ƙasa da ƙafa 1,000, wato mita 300, daga saman abin da ya fi tsawo a kewayen. Soja suna da tasu ƙa'idar, kuma akan ba su izinin saukowa ƙasa da haka ranar biki, sai dai tun kafin tashi ake yanke tsayin, matuƙi bai isa ya rage don burge 'yan kallo ba. Rugugin inji ne ke sa ka ji kamar a kan hularka jirgin yake.

Kuma abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai wucewa a miƙe, fukafukai a daidaice, a wuce a tafi. Akwai wasan juyi da wulƙitawa a sama. Na biyun ne ya fi cin rayuka. Ranar 28 ga Agusta 1988 a Ramstein ta Jamus, jiragen Italiya uku suka yi karo, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo da wuta, mutum 70 suka rasu. Wanda ya haddasa karon yana tafiya ne ya dosi jama'a. Daga nan aka tsananta doka: wasan juyi a gefe ake yinsa, a kan layin da ya bi tsawon taron, ba a fuskantar mutane.

Wucewa a miƙe kuwa aikin agogo ne. Jirgi mai gudun kilomita 555 a awa yana cin kusan mita 154 a daƙiƙa guda. Latti na daƙiƙa goma ya zama kilomita ɗaya da rabi, an gama taken ƙasa sama fayau. Shi ya sa jiragen ke tashi da wuri su yi ta kewaye a wani wuri nesa da gari, wani hafsa na tsaye a fili da rediyo yana jiran lokacin kiransu. In babban baƙo ya zarce da jawabi, kamar yadda manyanmu suka saba, mai ne ke ƙonewa. Da ya kai ma'aunin da aka ƙayyade, sansani za su koma, ko waye ke kan mumbari.

A cikin jerin, jagora kaɗai ke duban gaba. Sauran idonsu na kan fiffikensa, suna riƙe tazarar 'yan mitoci. Nan ne wurin kuskure. Ranar 28 ga Satumba 2018, jirage biyu ƙirar F-7Ni suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, suka faɗi a yankin Katampe, matuƙi ɗaya ya rasu.

Bauchi tana da nata matsalolin. Hazon hunturu yana ɓoye duwatsun da ke kewaye da gari da dogayen turakan sadarwa, don haka in hazo ya yi kauri soke wucewar shi ne daidai, ko da jama'a za su yi gunaguni. Zafin Maris da Afrilu yana rage kaurin iska, inji ya rage ƙarfi, hawa sama ya yi nauyi. Sai tsuntsaye. Shirwa ɗaya in ta shiga bakin injin jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet ta isa ta kashe injin, ga shi mayanka da juji su ne matattararsu, dole mai zana hanya ya kauce musu. Yanzu kuma an samu ƙarin fitina: ƙananan jirage marasa matuƙi na masu ɗaukar hoton biki. Kada kowa ya tashi ɗaya ranar.

Jirage masu saukar ungulu ba baƙi ba ne gare ku, tunda hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojan sama a Bauchi take. Iskar farfelarsu tana tumɓuke rumfar da ba a kafe da kyau ba, ta watsa kujerun roba da tsakuwa. Kada ku zauna kusa da inda za su sauka.

Hayaƙin kore da fari ba alamar gobara ba ne. Mai ne ake fesawa cikin zafin bututun inji, a sa masa rini.

Yara ƙanana a toshe musu kunne tun kafin jiragen su iso, don sai sun zo kanku za ku ji su. In akwai dawakan hawa a filin, ku nisance su. Doki in ya firgita da rugugi ba ya jin linzami, kuma shi ya fi jirgin kusa da yaranka.