Tambayi Likita: Na yi wa wata allurar da ba tata ba, kuma na yi shiru

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan makon daga yaranmu ne da suka gama makarantar koyon aikin jinya, suka karɓi lasisi, aka tura su ɗakin marasa lafiya. Sai na haɗa su wuri ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, tun da na fara aiki ƙafafuna ke kumbura in yamma ta yi. (Wata nas daga Gusau)

Amsa: Yawan tsayuwa ne. Ki nemi takalmi mai taushi maras tsini, in kin koma gida ki ɗora ƙafa a kan matashi na minti 20. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ko fuska ma na kumbura da safe, ko kina da juna biyu, ki je a duba ki a ranar, a auna hawan jini da fitsari.

Tambaya: In ina dutin dare sai na ci goro na sha lemon ƙarin kuzari gwangwani uku. Da safe kuma barci ya ƙi zuwa, gabana na ta bugawa. (Wani nas daga Bauci)

Amsa: Ai dole. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da lemon nan yakan kai awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wanda ka sha da asuba yana nan tare da kai har hantsi. Gwangwani uku ya yi yawa, ɗana. Ka tsaya a ɗaya a farkon dare, bayan ƙarfe biyu sai ruwa. In ka dawo gida ka rufe taga, ka kashe waya, ka roƙi mutanen gida su kama yara. In bugun zuciyar bai daina ba bayan ka rage, je a duba ka.

Tambaya: Likita, wata biyar ke nan da na fara aiki. Wani dare ni kaɗai ce da wata sista a ɗakin mata, gadaje sun cika. Akwai mata biyu masu suna ɗaya, sai na yi wa wadda ba ta da ciwon suga allurar insulin. Da na gane, na gaya wa sistar, ta ce in rufa wa kaina asiri, in ba matar shayi mai suga, in yi shiru, don in magana ta fita za a karɓe lasisina. Matar ta yi ta gumi tana sambatu, daga baya ta dawo daidai, har an sallame ta. Yau sati shida ban yi barcin kirki ba. In na ɗauki sirinji hannuna rawa yake. Na fara ɗaukar diazepam, ƙwayar sa barci, a kabad ɗin magani ina sha da dare. Wata ƙawata ta ce in manta, ai komai ƙaddara ce. Ko in bar aikin? (Wata nas, ba ta faɗi gari ba)

Amsa: 'Yata, na karanta saƙonki sau uku. Za mu ɗan daɗe a kansa, domin na san ba ke kaɗai ba ce, akwai da yawa da za su karanta su ce tamkar labarinsu.

Kuskuren da kika yi sananne ne a asibitocinmu. Ɗaki ɗaya sai a samu Fatima uku, biyu ma sunan mahaifinsu ɗaya, ga fayil a tare a kan teburi, ga wuta ta ɗauke ana aiki da fitilar waya, ga ma'aikata biyu na kula da gadaje talatin. Wanda ya fi ki shekaru a aiki ma zai iya faɗawa ramin nan. Ni kaina, a shekarata ta farko bayan na gama karatu, na rubuta wa wani yaro magani ninki goma na abin da ya kamata, saboda ɗigo ɗaya da ban sa tsakanin lambobi ba. Wata dattijuwar nas ce ta riƙe fayil ɗin, ta zo ta tsaya a gefena, ta ce a hankali, "Likita, yaron nan kilo nawa ne?" Na duba, jikina ya yi sanyi. Ba ta yi mini tsawa ba, ba ta kuma ɓoye ba: ta sa na gyara, na sa hannu, muka sanar da babban likita. Har yau in zan rubuta wa yaro magani sai na ji muryarta.

Abin da ya tayar mini da hankali a labarinki shi ne shawarar sistar nan. Shiru ɗin ya fi allurar haɗari. Insulin aikinsa ya saukar da suga a jini, kuma ƙwaƙwalwa da suga take aiki. In sugan ya sauka ƙasa da 3.9 a na'urar awo an shiga matsala, gumi da sambatun da kika gani alamar ƙwaƙwalwarta ce ta fara jin yunwa. Wani nau'in insulin ɗin yana ci gaba da aiki fiye da awa goma sha biyu, kofin shayi ɗaya kuwa ba ya kai ko'ina. Matar na iya yin barci sugan ya sake faɗuwa, a ɗauka barci take, alhali ta suma. Da an kira likita a daren, aiki ne mai sauƙi: a riƙa auna suga a kai a kai, a ɗaura ruwan gulukos a jijiya, a sa mata ido har gari ya waye. Sannan akwai mace ta biyu, mai ciwon sugan ta gaskiya, wadda ba ta samu allurarta ba, ko an yi mata a makare. Wa ya tuna da ita? Allah Ya kiyaye, amma kada wani ya karanta wannan ya ce ashe shayi na magani. Ba ya yi. Duk wanda ya ba da maganin da ba daidai ba, ya kira likita nan take, ko ƙarfe uku na dare ne.

Maganar ƙaddara kuwa, mun yi imani da ita, babu ja. Amma ina jin ciwo in na ga an mayar da ita bargon lulluɓe kuskure. A ce "kwanansa ne ya ƙare" a rufe fayil, gobe wata yarinyar ta sake faɗawa ramin da ba a cike ba. Wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Rai amana ne a hannunki, kuma faɗin gaskiya cikin riƙon amanar yake.

Tsoron lasisi ma bari in rage miki shi. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa tana da ikon hukunta wanda ya saɓa ƙa'idar aiki, gaskiya ne. Sai dai a abin da na gani tsawon shekaruna a asibiti, sabuwar ma'aikaciyar da ta kai rahoton kanta da wuri, abin yakan tsaya a faɗa da ƙarin horo da sa ido. Wadda takan shiga uku ita ce wadda ta ɓoye, ko ta taɓa rubutun fayil, daga baya aka gano. Don haka ki nemi wata babba da kika yarda da hankalinta, metiron ko wata malamarki ta makaranta, ki gaya mata komai yadda ya faru, ku rubuta rahoton tare. Ko da an sallami matar, rahoton zai sa a riƙa yi wa fayil ɗin masu suna ɗaya alama, a raba musu gado. Ke kuma daga yau, kafin kowace allura, kada ki ce "Ke ce wance?" don mara lafiya kan ce e ga komai. Ki ce ta faɗa miki cikakken sunanta da bakinta, ki gwada da lambar fayil.

Sai diazepam. Haba 'yata! Ki daina taɓa kabad ɗin nan. Ɗaukar maganin majinyata laifi ne mai zaman kansa, kuma shi ne zai iya cin lasisin da kike tsoron rasawa. Ga shi maganin yana kama jiki cikin 'yan makonni, yana barin mutum da nauyin kai washegari, wato kin ƙara wa kanki hanyar yin wani kuskuren. Na ga inda wannan hanya ke kaiwa. Na ga ma'aikatan lafiya da suka fara da ƙwaya ɗaya don barci, suka koma yi wa kansu allurar fenta, wato pentazocine mai kashe raɗaɗi, cinya da damtse suka yi tauri kamar itace, gyambo ya ƙi warkewa. Amma in kin yi makonni kina sha kullum, kada ki yanke shi dare ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga. Likita ne zai tsara miki yadda za ki rage a hankali. Ki je cikin satin nan.

Rashin barci, rawar hannu, da maimaita daren nan a zuciya abu ne da ke samun ma'aikatan lafiya bayan kuskure, kuma yana da magani. Sati shida ya wuce a ce a jira ya tafi da kansa. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, akwai asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, ke ma kin san haka, a aji aka koya miki. In kuwa har tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi: ki gaya wa wani na kusa, ku tafi asibiti yau. Batun barin aiki ki ajiye shi tukuna, ba a yanke irin wannan hukunci da idon da bai yi barci ba. Ki sake rubuto mini bayan kin ga likitan.

Tambaya: Allurar da na yi wa mara lafiya ta soke ni a yatsa. Na matse jinin na zuba Hypo a wurin. Ya isa? (Wani nas daga Katsina)

Amsa: Bai isa ba, kuma wa ya koya muku wannan? Hypo na wankin ƙasa ne da kayan aiki, a fata ƙuna kawai yake yi. Matsewa da tsotsa ma ba sa fitar da komai. Ruwa da sabulu, sannan ka sanar da in-caj, wato shugaban ɗakin, nan take, a gwada jininka da na mara lafiyar. Maganin kariya daga HIV ana fara shi cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28 ba fashi. Ciwon hanta nau'in B ya fi HIV saurin kamuwa ta allura nesa ba kusa ba, rigakafinsa kuma allura uku ce cikin wata shida. In ba ka yi ba, ka faɗa musu. Ajiye wayar nan ka tafi yanzu.

Tambaya: Na kasa samun jijiyar yara in zan sa ƙarin ruwa. (Wata nas daga Maraɗi)

Amsa: Hannu ne, zai faɗa. In kin gwada sau biyu ba ki samu ba, kira wadda ta fi ki, ki tsaya ki kalli yadda take riƙe hannun yaron.

Tambaya: Likita, 'yata sabuwar nas ce. Tun da wani jariri ya rasu a hannunta take kuka, ba ta cin abinci. 'Yan uwa sun ce iskokin asibiti ne, an kawo hayaƙi da rubutu. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, baƙin ciki ne, kuma mutuwar farko a hannun mutum tana da nauyi. Addu'a ku ci gaba da yi mata, amma a ɗauke hayaƙin nan, kada a turnuƙe yarinya a ɗaki a haɗa mata da ciwon ƙirji. Ki zauna da ita ki bar ta ta ba ki labarin jaririn, ko sau nawa ne, ba tare da kin ce ta yi shiru ba. In an kai sati biyu ba ci ba barci, ko ta fara cewa ita ta kashe shi, ko ta ce gara ta mutu, ki riƙo hannunta ku je wurin likita da kanki, kada ki aike ta ita kaɗai.