Anti, karatun lauya zai zautar da ni

Tambaya: Salam Anti, da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce a makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, na gama shekara 5 ɗina a jami'a lafiya lau amma nan abin ya sha bamban wlh, jarrabawar ƙarshe ta matso bana iya bacci, in na buɗe littafi gabana sai ya riƙa faɗuwa, abinci ma sai na tilasta kaina. A gida kuma tuni kowa Barista yake ce min, Mama har ta fara zancen walima. Goggona tace sammu ne. Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Ba ke kaɗai bace, kwas 5 ne ake ɗura muku cikin ƙasa da shekara ɗaya, ga zaman kotu da na ofishin lauyoyi, dole kai ya ɗau zafi. Amma fa rashin bacci da ƙin abinci da faɗuwar gaba idan suka wuce sati 2 kullum, wannan ya wuce gajiya, likita ya kamata ya ganki. Ki fara da asibitin makaranta, in abin ya fi ƙarfinsu akwai sashen masu tabin hankali da damuwa a asibitin Malam Aminu Kano, kuma don Allah kar sunan ya tsorata ki, yawancin masu zuwa wurin da ƙafarsu suke zuwa su koma bakin aikinsu. Ke da kike karatun doka ma kin san a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar nan ta 1958, sirrinki haƙƙinki ne.

Kofi da lemon ƙara kuzarin da kuke kwankwaɗa da daddare ki ajiye su, suna ƙara bugun zuciya, kuma wanda bai yi bacci ba abin da ya karanta baya zama. Maganin bacci na kemis ma kar ki soma.

Zancen Goggo, ki ci gaba da azkar ɗinki, addu'a bata hana ganin likita. Mama kuwa ki kirata ki faɗa mata gaskiya, kice a jinkirta maganar walima sai sakamako ya fito. Ko an faɗi ana sake zama, lauyoyi da yawa ta haka suka bi.

In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, a ranar ki faɗawa wani na kusa ku tafi asibiti tare.