Kakana Bakano ne, ni haihuwar Kumasi: ina da ƙofa irin ta Yahudawa?

Wasiƙar wannan mako daga Hamburg ta zo. Ga abin da mai ita ya ce a taƙaice: "Baba Malam, salamu alaikum. A wurin aikina akwai wani ɗan Yukren, kakansu Bayahude ne. Bara ƙanwarsa ta tattara ta koma Isra'ila, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba, ranar da ta sauka ta zama 'yar ƙasa. Ni kuwa kakana daga Kano ya je Kumasi fataucin goro, can ya haifi mahaifina, can ya rasu. Fasfon Gana nake riƙe da shi. Najeriya tana da irin wannan doka? Wani ya ce in turo kuɗi ya yi mini takardar asali ta ƙaramar hukuma cikin mako biyu. Kuma ina shirin neman zama ɗan Jamus."

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, riƙe kuɗinka a aljihu. Zan dawo kan mai takardar mako biyu, amma bari mu fara da ƙanwar abokinka, don abin da ka hango ranar sauka ce kawai, ba ka ga watannin da aka kwashe ana tonon takardu ba.

Dokar da ta ɗauke ta sunanta Dokar Komawa, majalisar Isra'ila ta zartar da ita a ranar 5 ga Yuli, 1950. Ta ce kowane Bayahude yana da haƙƙin zuwa ya zauna a ƙasar, su kuma suna kiran wannan ƙaura aliya, wato hawa. Ba a jima ba aka shiga gardamar wane ne Bayahuden. Wani ɗan Folan mai suna Oswald Rufeisen, uwa da uba Yahudawa, ya shiga Kiristanci ya zama limamin Katolika, ya zo ya nemi haƙƙinsa. Kotun ƙoli ta hana shi a 1962. A 1970 aka yi wa dokar gyara: Bayahude shi ne wanda uwa Bayahudiya ta haifa ko wanda ya shiga addinin, muddin ba ya bin wani addini. Sannan aka faɗaɗa haƙƙin ya kai ga ɗa da jika da matansu ko mazajensu. A jika aka tsaya. Tattaɓa-kunne ba shi da haƙƙi na kansa. Ka riƙe wannan, don shi ne ya fi shafar ka.

Ita ƙanwar abokinka ba baki ta buɗe ta ce kakana Bayahude ne aka gaskata ta ba. Mutanen tsohuwar Tarayyar Sobiyet akwai hukuma ta musamman, Nativ, da ke zaunar da su a ofishin jakadanci tana duba takardun haihuwa na asali, nata da na iyaye da na kaka, da takardun aure, har hotunan kaburbura. Abin mamakin shi ne gwamnatin Sobiyet ta saba rubuta ƙabilar mutum a takardar shaidarsa, layin da ya sha hana Yahudawa gurbin jami'a da manyan ayyuka. Da Tarayyar ta rushe, wannan layin ne ya zama tikitinsu. Kusan mutum miliyan ɗaya suka shiga Isra'ila ta nan daga 1989 zuwa shekarun da suka biyo baya. Wanda aka karɓa ana ba shi kuɗin tallafi na watannin farko, da makarantar koyon Ibrananci kyauta. Matashi kuma aikin soja na jiran sa.

To amma takarda daban, karɓuwa daban. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga ta hanyar kaka, hukumar malaman addini ba ta ɗauke su Yahudawa ba, tunda ita ta uwa take lissafi. Ga fasfo a hannu, ga aikin soja sun yi, amma in aure ya tashi da yawansu sukan tsallaka tsibirin Sayifurus a ɗaura, don a Isra'ila aure na hannun malaman addini. Na Habasha kuwa nasu ya fi ciwo. Su Beta Isra'ila, wato Yahudawan Habasha, ba su da irin waɗancan takardu, sai da babban malami Ovadia Yosef ya ba da fatawa a 1973 cewa Yahudawa ne, gwamnati ta bi bayansa a 1975. Da ƙafa suka ratso zuwa Sudan, suka zauna a sansanonin yankin Gadarif (inda, in ba ka sani ba, Hausawa 'yan'uwanka suke da yawa), dubbai suka mutu a hanya da cikin sansanonin. A ƙarshen 1984 aka kwashe kimanin dubu 8 ta jirgin sama, a watan Mayu na 1991 kuma aka ɗebe sama da dubu 14 daga Addis Ababa cikin awa 36. Da suka isa ƙasar da kakanninsu suka yi ƙarnuka suna ambato a addu'a, sai aka ce su yi wankan sake shiga addini. A 1996 ta fito fili cewa jinin da suke bayarwa gudummawa zubarwa ake yi a ɓoye. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma gefen da ba zan tsallake ba, kai ma na san ya zo maka a rai. Falasɗinawa kimanin dubu 700 da suka gudu ko aka kora a yaƙin 1948 ba a bar su sun koma ba, duk da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 194 na Disambar wannan shekara. Jikan Bayahude daga Odesa ta Yukren yana sauka ya zama ɗan ƙasa, wanda aka haifi ubansa a Yafa yana sansani a Labanon. Masu kare dokar suna cewa mafaka ce ga al'ummar da aka kashe mata mutum miliyan 6 a Turai lokacin da ƙasashe suka rufe mata ƙofa. Masu suka suna cewa wariya ce da aka rubuta a doka. Ba Isra'ila kaɗai ke buɗe ƙofa saboda kakanni ba: Jamus da kake ciki tana mayar da zama ɗan ƙasa ga zuriyar waɗanda 'yan Nazi suka ƙwace wa tsakanin 1933 da 1945, Sifaniya ma ta yi doka a 2015 don zuriyar Yahudawan da ta kora a 1492, ta rufe karɓar buƙata a 2019. Duk inda ka duba, hujjar dangantaka ake fara tambaya.

Yanzu kai. Najeriya ba ta da doka mai wannan suna, ba jirgi, ba tallafi. Amma kundin tsarin mulkin 1999 ya bar maka ƙofa biyu, kuma ba ɗaya suke ba.

Sashe na 26 ya ce baligin da aka haifa a wajen Najeriya, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne, yana iya neman a yi masa rajista. Ma'aikatar harkokin cikin gida ake bi, shugaban ƙasa ke amincewa, kuma sai ka nuna halin kirki da niyyar zama a ƙasar, ka yi rantsuwa. Ka ga nan ma a jika aka tsaya. 'Ya'yanka tattaɓa-kunne ne ga Bakanon nan, ba za su iya jingina da shi ba.

Sashe na 25 ya fi ƙarfi. Ya ce wanda aka haifa a waje, in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. In kakanka haifaffen Kano yana raye ranar 1 ga Oktoba, 1960, akwai hujjar cewa ya zama ɗan Najeriya, mahaifinka ya gada, kai ma ka gada, ko da babu wanda ya taɓa riƙe koren fasfo a cikinku. Wannan sarƙa ce lauya zai duba maka zobe-zobe, da shekarun haihuwa da na rasuwa a gabansa.

Me ya sa na ce ba ɗaya suke ba? Saboda maganar Jamus da ka jefa a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai. Jamus ta yarda da riƙe fasfo fiye da ɗaya tun Yunin 2024, Gana ma ta yarda. Amma sashe na 28 na kundin Najeriya ya ce wanda ba ɗan ƙasa ba ne ta haihuwa, in ya karɓi ko ya ci gaba da riƙe zama ɗan wata ƙasar da ba ta haihuwa ya samu ba, nan take na Najeriya ya faɗi. Na Gana ba zai dame ka ba, da shi aka haife ka. Na Jamus ne ba zai zauna inuwa ɗaya da rajistar sashe na 26 ba. Saboda haka in Jamus na zuciyarka, ƙofar sashe na 25 za ka ƙwanƙwasa.

Shi kuwa mai takardar mako biyu, na san abin da zai kawo maka: takarda mai hatimi da ke cewa a wata unguwar Kano aka haife ka. Da ita za ka yi lambar NIN, da lambar za ka yi fasfo, shi ke nan kana da haihuwa biyu, ɗaya Kumasi a fayil ɗin Jamusawa, ɗaya Kano. Ranar da aka haɗa su, Jamus tana da ikon janye zama ɗan ƙasar da aka samu da bayanin ƙarya har shekara 10 bayan bayarwa. Ka zubar da guminka na shekaru don abin da wataƙila haƙƙinka ne in ka bi ta gaskiya.

Kuma ka tambayi kanka me kake so da fasfon. In ziyara ce, na Gana yana shigar da kai Najeriya ba biza har kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS. In kuwa so kake yaranka su sami inda za su nuna su ce nan ne gidanmu, to aikin ba a ofishin jakadancin Berlin zai fara ba. A zangon Kumasi zai fara, wajen gwaggonninka da tsofaffin da suka yi zamani da kakanka. Mu ba mu gaji ajiye takardu ba, tarihinmu a bakin tsofaffi yake, kuma kullum raguwa suke. Ka tambayi cikakken sunansa da na ubansa, da laƙabinsa, da unguwar da ya fito: Ba'agale ne ko Batokare (zuriyoyin fataken goro na Kano), Madabo ko Koki ko wani ƙauye ne a wajen birni da ya zama "Kano" a bakin mutanen kurmi. Ka tambayi wanda ya koma gida a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Gidaje da yawa na zango sun rabu biyu a lokacin, kuma reshen da ya koma shi ne zai tsaya maka gaban mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda da shaidarsu ƙaramar hukuma ke ba da takardar asali ta gaske. A bincika akwatin tsohuwa: wasiƙun ajami, rasit ɗin haraji, takardar tafiya Makka, hoton da aka rubuta wani abu a bayansa.

Hutunka mai zuwa ka raba shi biyu. Mako ɗaya a Kumasi da waya a hannu kana naɗar muryar tsofaffi, da izininsu, mako ɗaya a Kano. Kada ka shiga gidan da maganar takarda a baki, kada kuma ka ambaci gado ko fili, don daga jin haka za a ɗaure fuska. Ka je da goro da turmin atamfa, ka ce jikan wane ne ya zo gaisuwa daga Gwanja. In ka dawo ka rubuto mini shekarar da kakan ya rasu da wadda aka haifi mahaifinka, sai mu ga abin da za a kai wa lauya.