An ƙwace WhatsApp ɗin mahaifiyata, yaya zan yi?

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce wani ya kira Mama da sunan zai saka ta a wani zauren WhatsApp, ta karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarta, yanzu ana ta roƙon kuɗi da sunanta.

Lambobin nan su ne makullin. Lambarta ya shigar a tasa wayar, WhatsApp ya turo mata lambobin tabbatarwa, ita kuma ta miƙa masa. Amma muddin layin yana hannunta, da sauran gyara. Ɗauki wayar yanzu ka sake yin rajista da lambarta. Sababbin lambobi za su shigo ta saƙon tes, kana shigar da su za a fitar da shi daga asusun. Idan ya riga ya kafa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin lambar da WhatsApp ke tambaya bayan lambobin tes, sai kun jira kwana 7 kafin ku shiga, amma shi dai ya fita.

Kafin nan, kira 'yan'uwa da ƙawayenta baki da baki, kada kowa ya tura komai.

Asusun na dawowa, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka haɗa da imel, ka cire duk wata baƙuwar na'ura da aka jona.

Don Allah kada ka yi mata faɗa. Tawa mahaifiyar kwana biyu ta yi tana ɓoye mana saboda kunya, ranar da ta miƙo mini wayar hannunta rawa yake yi. Zauna kusa da Mama, buɗe saƙon, ka nuna mata da yatsa inda aka rubuta kada a ba kowa lambobin.